Kowane Inji Da Abincinsa

A 'yan shekarun nan wani ɗan inji ya fara shiga wasu gidaje a Azare. Ba shi da girma, a kan tebur ake ajiye shi a falo ko a kicin kusa da firji. Wani daga Saudiyya ya taho da shi bayan Umara, wani daga Dubai, wani kuma ɗansa da ke aiki a Abuja ne ya aiko masa. Injin haɗa gahawa ne, irin wanda ba a zuba masa gari da cokali, sai dai a saka masa ɗan ƙwanson alminiyam da aka liƙe bakinsa, wanda masu sayarwa ke kira kafso. Gidajen da suke da shi ba su da yawa, amma darasin da ke cikinsa ya shafi har wanda bai taɓa sa shi a ido ba.

Duk wanda ya tsaya ya kalli aikinsa sai ya jinjina wa waɗanda suka ƙera shi. Za ka cika ɗan tankin da ke bayansa da ruwa, ka jona shi da wuta, kafin rabin minti ruwan ya ɗauki zafi. Ka ɗaga marfi, ka jefa kafso ɗaya, ka danne. Dannewar nan ce ke sa wasu 'yan tsinin ƙarfe su huda gindin kafson. Da ka taɓa maɓalli sai famfon ciki ya yi ƙugi, ya tura ruwan zafi da ƙarfi cikin garin, har murfin kafson ya fashe ta gaba, gahawa ta zubo siririya, baƙa wuluk, da kumfa mai ruwan ƙasa a samanta. Garin da ke cikin kafso ɗaya bai wuce giram 5 zuwa 6 ba, abin da ke sauka a kofi kuma mililita 40 ne, kurɓi biyu ko uku. Shi ne abin da Italiyawa ke kira esfireso. Sirrinsa matsi ne: a shagunan gahawa ana tura ruwan da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota kusan sau huɗu, shi ya sa cikin daƙiƙoƙi yake tatse ƙamshi da man da ke cikin garin. In ka ɗora masa madara mai zafi da aka kaɗa har ta yi kumfa, ka sami kafucino. In ka fi son mai sauƙi, ka ƙara ruwan zafi. A zafin bazara kuwa, ka juye shi kan ƙanƙara da madara.

Wannan dabara tana da tarihinta. Tun a 1884 wani mutumin Turin a Italiya, Angelo Moriondo, ya yi rajistar injin da ke dafa gahawa da tururi, aka yi ta gyara shi har ya zama ƙaton injin da ake gani a shagunan Turai, wanda sai ƙwararre ke iya sarrafawa. A 1976 wani injiniyan kamfanin Nestlé a Suwizalan, Eric Favre, ya fito da hanyar da za a kulle garin a cikin kafso, inji ya yi sauran aikin. Shekara goma bayan haka, a 1986, aka fito da shi kasuwa da sunan Nespresso. Abin da Favre ya yi shi ne ya ɗauke gwanintar daga hannun mai haɗawa ya zuba ta cikin ƙwanso. An soya ƙwayar a masana'anta, an niƙa ta daidai laushin da ake so, an auna, an rufe yadda iska ba za ta shiga ba. Garin gahawa kuwa ba ya shiri da iska. Da an niƙa shi an bar shi a buɗe, ƙamshinsa ya fara gudu. Saboda haka kafson da aka rufe watanni da suka wuce, in ka huda shi yau, kamar yanzu aka niƙa.

Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Likitan da ya kwana yana aiki a asibiti, ko malamin da zai raba dare yana duba takardun ɗalibai, in ya sami kofi ɗaya mai kyau cikin minti guda, ba hura gawayi ba wanke tukunya, ya huta. Kofin yau da na gobe ɗanɗanonsu ɗaya. Akwai tsabta, akwai awo, akwai kiyaye lokaci, dukkansu abubuwa ne da muke da buƙatar koyo.

Sai dai mutanen ƙasar Katagum sun san wani abu game da doki. Wanda ya ga dawakan da ke fitowa ranar hawan salla a Azare, sun sha kwalliya suna taku ɗai-ɗai, zai iya sha'awar ya mallaki nasa. Amma duk mai doki zai gaya maka cewa kuɗin saye shi ne mafi sauƙi a cikin lissafin. Abin da ke biyo baya shi ne harawa da dusa da gero da kanwa, kullum, rani da damina, ko an hau ko ba a hau ba. Shi ya sa dattijo ba ya tayin doki sai ya leƙa rumbunsa. Injin gahawa ma haka yake, yana da abincinsa, kuma abincin nan kala uku ne.

Na farko shi ne kafson kansa. Kowane kofi sai ya ci guda, kuma in ya ci ya ci ke nan, ba a maimaitawa. Goma-goma ake sayar da shi a ɗan dogon kwali. Ba abu ba ne da za ka aiki yaro shagon bakin layi ya sayo. Sai an nema a manyan kantunan Kano ko Abuja, ko a yi oda ta intanet a jira mota. Na kamfanin Nespresso a Suwizalan ake yin su, don haka farashinsu yana bin dala sau da ƙafa. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Wanda ya sayi inji kafin lokacin da lissafin cewa zai iya ciyar da shi, ya wayi gari lissafin ya rushe, alhali shi bai canza komai ba.

Na biyu wuta ce. Don ya tafasa ruwa cikin daƙiƙoƙi, injin yana jan abin da ya haura wat 1,200. Ƙaramin janaretan da ke kunna fanka da talabijin ba zai iya ɗaukarsa ba, ƙaramar sola mai batir ɗaya ma sai ta yi kuka. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki a cikin duhu, duk mai irin wannan inji da ba shi da babban janareta sai dai ya kalle shi. A waɗancan kwanaki kurfoti da gawayi ba su fasa aiki ba.

Na uku ruwa ne. Ruwan burtsatse da na rijiya sukan ɗauko sinadaran ƙasa, waɗanda ke barin farin dafi a gindin buta in an daɗe ana tafasa ruwa a ciki. A buta sai a kankare. A cikin inji kuwa, 'yan siraran bututu ne suke toshewa, gahawa ta fara fitowa ɗis-ɗis, daga baya ta tsaya. Sai an riƙa wanke cikinsa da maganin da aka yi don haka, in kuma famfon ya mutu, samun mai gyara da kayan gyara wani aiki ne daban.

Kada a ɗauka wannan tsari haɗari ne ya kawo shi. Haka aka shirya cinikin tun farko: a sauƙaƙa kuɗin inji, riba ta riƙa fitowa daga kafso har iyakar rayuwar injin. Don kada mai saye ya kuɓuce, sai aka yi wa kowane inji bakin da ba ya karɓar sai nasa. Kafson Nespresso ba ya shiga injin Dolce Gusto, duk da cewa kamfani ɗaya ne ya haife su. Wani sabon samfurin ma sai injin ya karanta wasu zane-zane da ke gefen kafson kafin ya yi aiki. Daga baya wasu kamfanoni sun fito da kafson da ke shiga tsohon samfurin, farashi ya ɗan sauko, amma asalin dabarar tana nan. Ga kuma shara: kowane kofi ɗaya, ƙwanso ɗaya a bola. A 2016 birnin Hamburg na Jamus ya hana sayen irin wannan kafso da kuɗin hukuma don ofisoshin gwamnati. John Sylvan, wanda ya ƙirƙiro irin kafson da ya mamaye Amurka, ya faɗa a wata hira a 2015 cewa wani lokaci yakan yi da-na-sanin ƙirƙirar.

Mai karatu zai iya cewa, to ai ba yau muka fara shan abin da ya zo daga nesa ba. Gaskiya ne. Garin Katagum da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19 yana kan hanyar fatake tsakanin Kano da Borno. Ta nan wani Bature mai suna Clapperton ya bi a Janairun 1824 zuwa Kano. Goron da ake ci a ƙasar nan a wancan zamani daga Gwanja yake fitowa, tafiyar watanni a bayan jakuna. Ganyen shayin da samari ke dafawa a majalisa yau daga ƙasar Sin ake kawo shi. Ba wanda ya ce a daina. Nisan wurin da abu ya fito ba shi ne aibi ba. Bambancin yana wani wuri. Goro ba ya buƙatar inji. Kowane falke zai iya kawo shi, in na wannan ya yi tsada ka koma wajen wancan, in kuma guda ɗaya ya rage a aljihunka ka ɓara shi biyu, ka gutsura wa mutum huɗu. Ganyen shayi kowace buta yana shiga, kowace wuta tana dafa shi, in baƙi sun ƙaru ka ƙara ruwa da sukari. Kafso kuwa ba a ɓara shi, ba a ƙara masa ruwa ya isa mutum biyar, kuma hanyoyin samunsa 'yan kaɗan ne. Wancan ciniki ne da kake da zaɓi a cikinsa, wannan kuwa ɗauri ne.

A je teburin mai shayi a bakin hanyar Kano zuwa Maiduguri, inda ta ratsa Azare, bayan sallar asuba. Ga ƙatuwar buta a kan murhu tana huci, an jefa mata citta da kanumfari. Ga gwangwanayen madara da na Bournvita da Nescafé an jera, ga burodi an tsara, ga kiret ɗin ƙwai. Direba ya zauna a benci ya ce, "Malam, haɗa mini mai kauri." Wani dattijo ya ce, "Ni ruwan bunu za ka ba ni, kada ka cika sukari." Mai shayi bai tambayi dalili ba, ya san Baba yana fama da ciwon suga. Ya ɗauki kofi biyu, ya ɗaga hannu sama yana kwarara shayin daga wannan zuwa wancan, siririn ruwa mai tsawon kamu biyu, ko ɗigo bai zuba ba, har ya huce daidai sha ya yi kumfa. Wani almajiri ya tsaya a gefe, sai ɗaya daga cikin mazauna bencin ya ce, "A zuba wa yaron nan, a sa a lissafina." Wanda ba shi da kuɗi yau ya ce a rubuta, a rubuta. Duk kayan aikin nan ba wanda ba a samu a kasuwar garin, in buta ta huje akwai mai liƙi. Gwanintar tana hannun mutum, kuma yaron da ke wanke masa kofuna yana kallo, nan da 'yan shekaru shi ma zai kafa nasa teburin.

Ko a duba shayin majalisa da dare: ɗan kurfoti, 'yar buta, 'yan kofunan gilashi. Dahuwa uku ake yi da ganye ɗaya, ta farko mai ɗaci, ta biyu tsaka-tsaki, ta uku mai zaƙi, kuma tsakanin ta farko da ta ƙarshe an yi hira, an sasanta masu saɓani, an ji wanda ba shi da lafiya a unguwa. Duk wanda ya yi sallama ya zauna, kofi zai zo kansa.

Wata rana a gidan wani ɗan'uwa da ke da wannan inji, baƙi suka yi sallama, abokan aikinsa ne suka zo gaisuwa. Ya leƙa ciki ya ce a haɗo musu gahawa. Uwargida ta matso ta yi ƙasa da murya ta ce, "Alhaji, su shida ne fa, kafson kuma saura huɗu, ba a kuma san ranar da saƙon Kano zai iso ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, Hajiya, a dafa musu shayi." Aka dafa, aka sha, aka yi hira, ba wanda ya rasa komai. Mutumin nan ba marowaci ba ne, gidansa ba a rufe ƙofa. Amma a wannan 'yar daƙiƙa da ya yi shiru, an sa shi yin abin da bai saba ba: ƙirga baƙinsa. Wannan ne ya fi damuna a cikin lamarin gaba ɗaya, fiye da tsadar dala da rashin wuta. Mu da aka rene mu da cewa baƙonka annabinka, abin da zai sa mai gida ya fara lissafin kurɓin da baƙo zai yi ya taɓa wani wuri mai zurfi a tarbiyyarmu. Sannu a hankali sai abin sha ya rabu gida biyu, na maigida shi kaɗai da na kowa da kowa, yara kuma suna gani.

Ita gahawa ma ba a kaɗaici ta taso ba. Asalin itacenta Habasha ne, kuma a ƙarni na 15 Sufayen Yaman ne suka shahara da shanta don su iya raya dare da zikiri, suna miƙa wa juna kofi a cikin halƙa. Daga nan ta shiga Makka da Alƙahira da Istanbul, inda shagunanta suka zama wurin haɗuwar jama'a. Har gobe a Habasha uwargida takan soya ƙwayar a gaban baƙi, ta daka, ta dafa, a sha zagaye uku. Alhazanmu sun ga yadda Larabawa ke tarbar mutum da buta mai dogon baki da 'yan ƙananan kofuna da dabino, ana ƙara maka har sai ka girgiza kofin. A ko'ina ta bi, abin miƙawa ce. Kafso kuwa ya auna ta daidai cikin mutum ɗaya.

Abin lura a nan ya wuce gahawa. Irin wannan ciniki ya kewaye mu ta ko'ina. Ana sayar da na'urar auna sukarin jini da araha, wani lokaci ma kyauta ake rabawa, amma 'yan tsinken gwajin sai na kamfaninta, in sun yanke a kasuwa na'urar ta zama ta ajiya. Mai shagon buga takardu ya sayi firinta da murna, daga baya ya gane kuɗin tawada na neman cinye ribar. Akwatin kallon tashoshi ba tsada, kuɗin wata ne ke riƙe da kai. A matakin al'umma kuwa abin ya fi ciwo: injin gwaji a asibiti da aka rufe da ƙyalle saboda ba sinadarinsa, tarakta da ta kwanta don rashin ƙarfe ɗaya, famfon sola da aka yi bikin buɗewa ba a koya wa ko mutum ɗaya a ƙauyen gyaransa ba. Duk wuri ɗaya aka yi tuntuɓe. An tambayi kuɗin saye, ba a tambayi kuɗin riƙo ba.

Wanda ya riga ya mallaki injin, ba sai ya jefar ba. Akwai kafso na ƙarfe da ake cikawa da hannu a wanke a sake amfani da shi; da shi za ka iya sayen garin gahawar da ka ga dama, har da wadda ake nomawa a tsaunin Mambila a jihar Taraba, ka ɗan barbaɗa citta in kana so. Ka riƙa zuba masa tataccen ruwa, ka wanke cikinsa a kan kari, kada ka bar kafson da aka yi amfani da su su kwana a ciki, don a zafinmu nan da nan suke yin fumfuna. Garin da ya rage ka zuba a gindin shuka, ƙwanson alminiyam ka tara wa 'yan gwangwan, akwai maƙeran da ke narka irinsa su zuba tukwane. In baƙi sun zo, kafso biyu a cikin butar madara mai zafi da sukari za su zagaya mutum da yawa. Kuma kada butar shayi ta bar gidan.

Wanda kuma bai saya ba tukuna, ko injin gahawa ne ko waninsa, ko mai gida ne ko shugaban da zai sayo wa jama'a, tambaya uku ya kamata ya yi kafin ya zaro kuɗi. Me abin nan yake ci, kuma a ina ake samu? In ya lalace, wa zai gyara shi a garin nan? In mutane suka shigo, zan iya raba amfaninsa da su ba tare da na duba saura nawa ba? In amsoshin sun yi daɗi, a saya, a more, a gode wa Allah da ya ba ɗan Adam basira. In ba su yi ba, haƙuri ya fi, domin abin da ba ka iya ciyarwa da abin da ke kusa da kai ba naka ba ne tukuna, aro ka yi daga wanda ke riƙe da abincinsa. Kayan da ya sa hannunka ya yi nauyi wajen miƙa wa baƙo kuwa, ko nawa ka saye shi, ya rage maka fiye da abin da ya ƙara. Allah Ya ba mu abin da za mu iya riƙewa, Ya kuma bar mu da zuciyar rabawa.